GIYAYYA A BAKIN GULBI: Bayani ga Iyayen Ƙasa da Malamansu

An shirya wannan ɗan littafi domin iyayen ƙasa na Tambuwal da Kebbe da malamansu, su karanta, sa'an nan su bayyana wa hakiman garuruwa da masu unguwanni abin da ke ciki sa'ad da suka fita rangadi. Maganar itace guda ce, watau giyayya, da yadda za a komo da ita bakin gulbi da gefen tafkuna inda aka sassare ta. Wanda ya ji haka zai ce ƙaramar magana ce. Amma uban ƙasar da aka taɓa kawo wa ƙarar gonar da gulbi ya cinye rabinta, ko ya raba rigima tsakanin masunta a kan tafkin da kifinsa ya ƙare, ya san ba ƙarama ba ce.

Gulbin Zamfara ya biyo ta Gummi, ya ratsa ƙasar Kebbe, ya wuce Jega, kafin ya je ya haɗu da Gulbin Kabi. Arzikin mutanenmu da yawa a kansa yake, da kan fadamu da tafkunan da ke cika da damina, irin tafkin Romo na ƙasar Tambuwal. Can ake shinkafa, can ake albasa da rani, can shanu ke shan ruwa, can Sarkawa ke su. Tsofaffi sun tarar da gaɓar nan a rufe da itatuwa. Yau kuwa wurare da yawa an nome har bakin ruwa, ba ko sanda a tsaye.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Farin 1973 da na 1984 sun sa mutane da dabbobi sun tasam ma fadama, domin nan kaɗai ɗanyen abu ya saura. Bayan haka aka zo da shirin Fadama a farkon shekarun 1990, injin ban ruwa ya wadata, kowane taki na bakin ruwa ya zama kuɗi. Wannan alheri ne, ba mai musu. Sai dai mai lambu ya ga itace na yi wa albasarsa inuwa, ya sa gatari, mai gawayi kuma ya biyo ya ƙarasa abin da ya rage.

KAMANNIN GIYAYYA

Ba ma bukatar mu koya wa mutumin fadama giyayya, amma malamin da ya tashi a birni ya kamata ya iya gane ta. Itace ce matsakaiciya, takan kai ƙafa 30, wata ta fi. Galibi ba gindi ɗaya take yi ba, sai ka ga sanduna uku ko biyar sun tashi daga tushe guda. Ɓawonta toka-toka ne. Ganyenta biyu-biyu yake fita, suna fuskantar juna, sabon toho kuwa ja ne. Da damina takan yi fure fari-fari a dunƙule kamar ƙwallo, mai ƙamshi. In ya bushe sai ya koma ƙulli baƙi-baƙi, ya daɗe bisa itacen, har cikin rani ana ganinsa, da shi ne ma aka fi saurin shaida ta daga nesa. Masana ilmin tsirrai suna kiranta Mitragyna inermis, sun ce dangin tafashiya da gauɗe ce, ana kuma samunta tun daga Sanagal har Sudan, ko'ina a inda ruwa ke kwanciya bisa laka.

Abin da ya raba ta da sauran itatuwa shi ne jimirin ruwa. Ɗorawa ko mangwaro, in ruwa ya kwanta a gindinsu ya daɗe, sai su mutu. Giyayya kuwa sai ta yi watanni tsaye cikin ruwa, ya janye ya bar ta lafiya lau. Abu na biyu, in an sare ta ba ta mutuwa, kututturen yakan sake fitar da toho, saiwar ma takan tsiro a gefe. A riƙe wannan da kyau, domin a kansa dukan shawarar da ke cikin littafin nan ta tsaya.

Kusan kowace ƙasa mai kogi tana da irin itacenta na bakin ruwa. A Masar akwai wanda Larabawa ke kira safsaf a bakin Nilu, mutanen Ingila kuma suna da danginsa, suna kafa rassansa a gaɓa domin ya riƙe ƙasa, suna saƙa kwanduna da tsumagunsa. Mu namu giyayya ce, ba sai mun aika an kawo mana na wasu ba.

ABIN DA GULBI KE YI WA GAƁAR DA BA ITACE

Ruwa mai gudu yakan fi cin gaɓa a wajen da gulbi ya yi kwana. Yakan rarake ƙasa daga ƙarƙashi, na sama ya rasa madogara, ya zafto. Bana taki biyu, baɗi taki uku, kafin yaro ya girma gonar ubansa ta koma tsakiyar gulbi. Ƙasar da ta zube kuwa ba ɓacewa take yi ba. Ruwa yakan kwashe ta ya zuba cikin gurbi mai zurfi inda manyan kifaye ke fakewa da rani, ko ya shimfiɗa rairayi bisa gonar shinkafar wani a gaba. Ta haka ɓarnar mutum ɗaya ke zama hasarar mutum uku, dukansu kuwa ƙofar uban ƙasa za su zo.

Saiwar giyayya takan ɗinke ƙasar gaɓa, sandunanta masu yawa kuma su rage wa ruwa ƙarfi, har ya ajiye lakar da ya ɗauko. Amma kada a yi wa talakawa alkawarin abin da ba zai yiwu ba. Itace ba ta hana ambaliya. Ruwa irin na 2020, wanda ya cinye shinkafa mai yawa a Jihar Kabi maƙwabciyarmu, ba jeren itatuwan da zai tare shi. Abin da itace ke yi shi ne, in ruwa ya janye, mai gona ya tarar da gonarsa a inda ya bar ta.

KIFI DA ZUMA DA TSUNTSAYE

Nan ne amfanin da mutane ba su cika lura da shi ba, saboda haka za mu ɗan daɗe a kansa.

Yawancin kifayenmu ba cikin tsakiyar gulbi suke haihuwa ba. Da ruwa ya fara hawa, sai tarwaɗa da karfasa da bargi da sauransu su bi shi zuwa cikin fadama, su zuba ƙwai a wuri marar zurfi, cikin ciyawa da tsakanin saiwoyi. 'Ya'yan da suka ƙyanƙyashe suna bukatar abu biyu, abinci da maɓoya. Ganyen da giyayya ta zubar da rani yakan ruɓe in ruwa ya rufe shi, ƙananan halittu su yi yawa a kansa, su ne abincin ɗan kifi. Tsutsa da ƙwarin da ke faɗowa daga rassa kuma na manya ne. Maɓoya kuwa ita ce saiwa da sandunan da ke cikin ruwa, inda tsage da giwan ruwa ba su iya kutsawa. Inuwa kuma takan rage wa ruwan gefe zafi a lokacin bazara, sa'ad da tafki ya ƙanƙance.

Masunta za su ce itace na yaga musu taru. Gaskiya ne, ba a iya jan taru a gindin giyayya. To, amfanin ke nan. Tafkin da ake iya sharewa tas daga wannan gefe zuwa wancan, ba a bar iri ba, ba zai yi kifi baɗi ba. Sarakunan ruwa na dā sun san haka, shi ya sa suke hana su a wasu wurare sai ranar da aka buɗe, kamar yadda har yanzu ake yi a Matan Fada ta Argungu. Gindin giyayya hani ne wanda ba ya bukatar mai gadi. (Masu kama 'ya'yan kifi da gidan sauro kuwa, wannan wata magana ce, ta kuma isa a kira su fada.)

Sai zuma. Furen giyayya na jawo ƙudan zuma ƙwarai, masu ɗaura amya sun san haka. Ribar ba ta tsaya ga mai amya ba. Albasar da aka bari domin iri, da kankana, da kabewa, ba su yin 'ya'ya sosai sai ƙwari sun ɗauki garin fure daga wannan zuwa wancan, ƙudan zuma kuwa shi ne babban ma'aikaci a cikinsu. Mai lambun da ya sare itacen da zuma ke zama ya kori leburan da ba ya biya. Ya kamata kuma a gargaɗi masu feshin maganin ƙwari su yi da yamma lis, sa'ad da zuma ya koma gida, kada kuma su wanke tulun feshi cikin tafki.

Tsuntsayen ruwa suna bukatar inda za su sauka su kwana, da inda za su yi sheƙa nesa da hannun yara. Balbela da zalɓe sukan taru bisa itatuwan da ruwa ya kewaye, kashinsu ya zuba cikin ruwa ya zama taki. Balbela da shamuwa fāra suke ci. Mujiya, wadda ake yi wa mugun zato ba da hakki ba, ɓeraye take kamawa cikin dare, kowa kuwa ya san abin da ɓera ke yi wa shinkafa. Guza da kififiya su ma a irin wannan gaɓa suke samun mafaka. Akwai kuma abin da ya kamata ya sa mu tunani: gauraka, wadda dā ake ji kukanta a fadamun Arewa, yau ta kusa ƙarewa a Nijeriya duka, saboda kamu da kuma lalacewar wuraren zamanta. Yara da yawa a ƙasashen nan sunanta kaɗai suka sani.

Wasu ƙananan tsuntsaye kuma baƙi ne, daga Turai suke ƙetaro hamada su yi rani a wurinmu, su koma da bazara. Masana daga ƙasar Holan sun yi shekaru suna ƙidayarsu itace bayan itace, daga Sanagal har Habasha. Sun tarar sun fi taruwa a itatuwan ƙasa masu ƙaya, irin gawo da aduwa, dogon yaro da turare kuwa kaɗan ke sauka a kansu, domin ba su da ƙwarin da tsuntsu zai ci. Darasin da ke nan biyu ne. Dogon yaro yana da kyau a bakin hanya da kasuwa, amma ba shi ne na gaɓa ba. Sa'an nan giyayya ita kaɗai ba ta isa ba. A sa ta a ƙasa inda ruwa ke daɗewa, a haɗa ta da bagaruwa, wadda ita ma tana jure ruwa, a bayansu inda ya ɗan yi tudu a bar kanya da ɓaure da ɗinya, can sama kuma gawo.

Manoman shinkafa za su kawo ƙara guda mai nauyi, su ce itace matattarar jan-baki ce. Kada a raina wannan magana, domin wanda jan-baki ya sauka wa a gona ya ga tashin hankali. Amsar ita ce, babban garken jan-baki tafiyayye ne, yakan zo daga nesa, ya kwana cikin kacalla da sarƙaƙƙiyar ƙaya, ƙasashen da ba itace ko ɗaya ma bai ƙyale su ba. Sare giyayya ba zai hana shi zuwa ba, sai dai ya kori shaho da sauran masu farautarsa. Wasu kuma za su ce duhuwa maɓoyar miyagu ce, a wannan zamani kuwa ba wanda zai ce tsoronsu banza ne. Amma jeren itatuwa mai faɗin taki 20, wanda ake sassabe ƙasansa ana hango ƙetare, ba daji ba ne.

YADDA ZA A KOMO DA ITA

Hanya ta fari, wadda ta fi sauƙi da arha, ba shuka ba ce. A bi gaɓa da ƙafa bayan ruwa ya janye. Za a tarar da kututture da yawa waɗanda ake zato sun mutu, alhali kowace shekara suna fitar da toho, mai gona na sassabewa, awaki na cinyewa. A kowane kututture a zaɓi toho uku ko biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, a yanke sauran da wuƙa mai kaifi, a karkace yankan domin kada ruwa ya kwanta a kai. Waɗanda aka bari a rage musu ƙananan rassa na ƙasa, kada a wuce rabin tsawonsu. A kewaye da ƙaya. Da yake tsohuwar saiwa tana nan da ranta, ta kuma riga ta kai ga ruwa, tohon zai yi girman da dashe ba zai kama shi ba.

Wannan ba sabon abu ba ne da aka ƙago a ofis. 'Yan'uwanmu na ƙasar Maraɗi sun fara shi a gonakinsu na tudu wajen 1984, suna kiransa sassabin zamani. An kiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kimanin miliyan 200 sun komo a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, ƙasar da ruwan samanta bai kai namu ba.

Inda kututture ya ƙare, sai a nemi tsiron da ya fito daga saiwar wata giyayya babba. A haƙa shi tare da guntun saiwar mai tsawon taƙi guda ko fiye, a naɗe da jiƙaƙƙen buhu, a dasa a ranar. Wanda ya so ya gwada kafa ɗanyen reshe a laka yadda ake yi wa safsaf, ya gwada, amma kada gari ya dogara da wannan.

Hanya ta uku ita ce iri, ita ce kuma mai wuya, sai a bar wa mai haƙuri. A tsinko busassun ƙullayen nan da rani, a murje cikin ƙwarya. Irin ƙanana ne ƙwarai, kamar dusa. A cuɗa shi da rairayi mai laushi, a barbaɗa bisa lallausar ƙasa cikin kasko ko akwati, kada a binne. A ajiye a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa a hankali da tsintsiya, domin zubin buta zai kwashe shi. In tsiro ya yi ganye huɗu sai a mai da kowanne cikin ledarsa. Malamin daji na Ƙaramar Hukuma zai iya taimakawa da leda da shawara.

Lokacin dashe ya danganta ga wuri. Babbar giyayya ce ke jure ruwa, ƙarama in ya shanye kanta ya daɗe, ta tafi. Saboda haka a wuri mai kwari a jira ruwa ya fara janyewa, wajen Oktoba, a dasa cikin laka tun tana da danshi, a riƙa ba ta ruwa da rani, abin da ba zai gagari mai lambu ba tun da injinsa na nan kusa. A wuri mai ɗan tudu kuwa a dasa da damina ta zauna. A bar taki biyar ko shida tsakani, jeri biyu ko uku, a saɓa su kamar zubin ƙafar kaza. Maƙiyanta a shekara biyu na fari su ne akuya da wuta. Dashen da ba a kewaye ba an ciyar da awaki ne kawai.

Bayan ta kafu ba a hana amfani da ita. A yanki sanda a bar sanda. Ana samun itacen wuta da na rufin ɗaki, masassaƙa suna son ta domin tana da daɗin sassaƙa, tsumagunta suna shiga saƙar gura, ganyenta kuma dabbobi na ci. Masu magani suna dafa ganye da sassaƙe saboda zazzaɓi. A gaya musu su ɗiba daga gefe ɗaya, domin itacen da aka zagaye ɓawonsa mutuwa zai yi, yaro mai zazzaɓi kuma a kai shi asibiti.

AIKIN UBAN ƘASA DA NA MALAMI

Yau uban ƙasa ba shi da kotu ko kurkuku, al'amarin daji kuma yana hannun ma'aikatar jiha da Ƙaramar Hukuma. Amma abin da wannan aiki ke bukata ba tara ba ce. A gaskiya tara ta taɓa yi mana ɓarna. A zamanin En'e, da ake kama mutum a kan itacen da ke cikin gonarsa, talaka ya ɗauka itace ta Gwamnati ce, sai ya riƙa kashe tsiro tun yana ƙarami domin kada ya girma ya jawo masa malamin daji. Har yau wannan tsoro bai fita daga zukatan wasu ba. A Nijar ma aikin bai yi ƙarfi ba sai da manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne.

To, abu na fari da ake roƙon uban ƙasa ya yi shi ne ya tara mutane ya faɗa da bakinsa, gaban liman da malamin daji, cewa wanda ya rena giyayya a bakin gonarsa shi ke da sandunanta. Inda gonar aro ce ko ta jingina, a daidaita tun yanzu wa ke da itacen, mai ƙasa ko mai noma, kafin ya girma ya zama abin shari'a.

Na biyu, a shata hurumin gaɓa. Malamai sun san fikihu ya yi maganar hurumin rijiya da na itace da na gari, Malam Abdullahi na Gwandu ma ya yi littafi a kan hukuncin ƙasa mai suna Ta'alimur Radi. Sun kuma san hadisi ya inganta cewa abin da tsuntsu ko dabba suka ci daga dashen Musulmi sadaka ce gare shi. Maganar ba baƙuwa ba ce ga mutanen ƙasar da Buhari ɗan Shehu ya zauna. Shawararmu taki 20 daga bakin gaɓa, a kwanar gulbi inda ruwa ke ci a ƙara zuwa 30. Wannan shawara ce, ba doka ba. Mai ɗan ƙaramin lambu wanda taki 20 zai cinye masa rabi, a karɓi taki biyar daga gare shi, ya fi babu.

Na uku, kada a yi taron ba da Sarkin Ruwa da Arɗo ba. In aka dasa itace aka toshe mashaya ko burtali, an shuka rigima, shanu kuwa dole su sha ruwa. A bar musu ƙofa mai faɗi a inda suka saba sauka, a nuna wa kowa iyakarta.

Malami kuma ya tanadi littafi guda domin wannan aiki kaɗai. Kowane gari da shafinsa. Ya rubuta sunan fadama ko tafki, da sunan mai gona, da tsawon gaɓarsa da taki, da yawan kututturen da aka rena, da yawan dashe, da ranar da aka yi. Ya ware wuri ya rubuta abin da aka daidaita a kan mallaka, da sunayen shaidu. Kada ya rubuta abin da mai unguwa ya aiko masa da baki, ya je ya ƙirga da kansa, domin mun sha ganin lissafin dashe dubu a takarda, a je wurin a tarar da akuya tana tuƙa. A kwanar gulbi ya sa a kafa turke taki 30 daga bakin gaɓa, ya riƙa aunawa kowace shekara, da haka za a san ko gulbi na ci ko ya tsaya. Ya kuma tambayi Sarkin Ruwa irin kifin da aka samu a sun bana, da masu amya nawa suka ɗaura.

Ƙidaya sau biyu ce a shekara: a watan Mayu kafin ruwa ya sauka, domin a ga abin da ya tsira daga rani, da kuma Nuwamba bayan ruwa ya janye, domin a ga abin da ya tsira daga ambaliya. Wanda ya mutu a cike gurbinsa a wannan kakar. In uban ƙasa ya sa hannu, sai a aika da kwafe ga sashen gona da daji na Ƙaramar Hukuma, a Tambuwal ko a Kebbe, asalin littafin kuwa ya zauna a ofishin uban ƙasa.